Fadamar Bakin Gulbi Ba Tamu Ba Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa.

Ni ne Hayatu ɗan Mainasara, manomin shinkafa a garin Gummi. Ina faɗin wannan magana yau Laraba, cikin watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 1406, wato kakar 1985 a lissafin boko. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina yana nan yadda kuka san shi. Na san ranar da muke ciki, na san sunan kowane jikana, kuma ba wanda ya tilasta ni. Malam Abubakar, limamin unguwarmu, shi ke rubutawa, ni ke faɗa. In ya cika layi sai ya maimaita mini in ji.

Maganar zuwa gare ku ce, 'ya'yana uku, Dikko da Lado da Maimunatu, da kuma matata Hamsatu, mahaifiyar Lado da Maimunatu. Na roƙi Liman kada ya jira mutuwata. Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, zai karanta muku ita a ɗakina ina kwance ina ji. Akwai maganar da in bayan rai aka ji ta, sai a ce an yi wa mamaci ƙari.

Na ɗaya. In Allah Ya karɓi abinSa, kada a jinkirta ni don jiran kowa. Likkafanina yana cikin akwatin ƙarfe, Hamsatu ta san wurin. A kai ni kusa da mahaifina. Kada a yanka dabba don zaman makoki, domin za ku ji nan gaba cewa dabbobin ba su kai yadda kuke zato ba.

Na biyu. Duk abin da ke cikin ɗakin Hamsatu nata ne: gado, tasoshi, akwatuna, har tukwanen da take dafa shinkafar sayarwa. Awakin nan bakwai da ke bayan rumbu ita ta saya da guminta, ban sa ko kwabo ba. Sadakinta na biya cif tun ranar ɗaurin aure. Waɗannan ba su shiga rabon gado, kuma ba su rage mata tumuninta. Ɗakinta nata ne har ranar da ta ga dama ta bar shi da kanta. Na faɗi haka dalla-dalla ne don na san abin da rashin faɗa ke jawowa. Kayan mace a gidan miji, in ba a ambace su da suna ba, ranar rabuwa sai su zama na mai ƙarfi.

Na uku. Wannan ita ce maganar da ta sa na tara ku. Ku yi haƙuri, tana da tsawo.

Kafin Hamsatu na auri Rakiya, mutuniyar Bukkuyum, mahaifiyar Dikko. Iyayenta masu shanu ne. Ranar da aka kawo ta, mahaifinta ya biyo ta da karsana fara mai baƙin kunne, ya ce a gabana ta Rakiya ce, ta sha nono. Na haɗa karsanar da shanuna biyu a rugar mahaifin Manu, wannan Manun da ke yi mana kiwo yanzu. Da yake ni ne mai gida, in an zo karɓar jangali da sunana ake rubuta takarda. Cikin shekara shida karsanar Rakiya ta zama shanu huɗu. Nawa biyun kuwa, ɗaya ta mutu, ɗaya ta ƙi haihuwa.

Shekara huɗu kafin a ba mu mulkin kai, aka sa fadamar bakin gulbi a kasuwa. Kun san ta, ba sai na yabe ta ba. Na kwana ina tunaninta, na tashi ina tunaninta. Na ce wa Rakiya ta ba ni shanu biyu in sayar in saye ta. Ba ta ƙi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, in an saya a kira shaidu a faɗa cewa rabin fadamar nata ne. Maganar gaskiya ce, amma ni a lokacin sai na ji ta kamar mari. Ina saurayin magidanci, ina jin kunyar a ce a gari gonar Hayatu ta matarsa ce. Muka yi kwana uku ba mu magana. Rana ta huɗu ta sake tayar da zancen shaidu, na sake ta nan take, tana tsaye da muciya a hannu.

Ban bar ta ta yi idda a ɗakinta ba, ko da yake hakkinta ne. Washegari ta kama hanyar Bukkuyum a ƙasa, da Dikko a goye, da ƙwarya ɗaya a ka. Kafin wata ya cika na sayar da shanunta biyu na sayi fadamar.

Da ta gama idda ta kawo ƙara gaban alƙali a nan Gummi, tana neman shanunta huɗu. Alƙali ya ce ta kawo shaidu. Mahaifinta da ya ba ta karsanar ya riga ya rasu. Mahaifin Manu, wanda ya san kowace saniya da uwarta, ya tafi cin rani da garke kudu da Gulbin Ka, ba a san inda ya sauka ba. Ni na sani, ban faɗa ba. Alƙali bai zalunce ta ba, har wata guda ya ba ta ta nemo shi, ba ta same shi ba. Ni kuwa na fito da takardun jangali na shekara shida, duk da sunana. Da aka rasa shaida, rantsuwa ta dawo kaina.

'Ya'yana, na yi alwala. Aka kai ni masallaci, aka miƙo mini Alƙur'ani, na rungume shi, na rantse cewa Rakiya ba ta da ko kofato a cikin shanun da ke hannuna. Ƙarya na yi. Na san ƙarya ce kafin in faɗa, na san ƙarya ce ina cikin faɗa. Da muka fito ta dube ni, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Hayatu, da ka roƙe ni su da na ba ka. Ba su kai ka yi wannan ba." Ta juya ta tafi.

Ban tsaya nan ba. Dikko, an yaye ka da wata biyu na aika aka ɗauko ka daga hannunta. A lokacin ba ta sake aure ba, kuma Liman ya tabbatar mini cewa a shari'a ita ke da riƙonka. Ni ban tambayi shari'a ba, al'ada na bi don ta yi mini daɗi. Sau biyu ta tako daga Bukkuyum don ta gan ka. Zuwan farko na sa aka ce mata kana ƙauye. Zuwa na biyu ta kawo maka 'yar riga da ta saƙa wa wuya da jan zare, na karɓa a zaure, ban bari ta shiga ba. Rigar ban ba ka ba. Da ka yi wayo ka fara tambaya, na ce maka ta tafi ta bar ka, ba ta ko waiwayo ba. Ka girma da wannan maganar a ranka. Yau shekararka talatin da ɗaya, ka sha wucewa ta Bukkuyum a mota kana kau da kai. Ni na sa maka wannan.

Allah Ya ba fadamar albarka, har na ɗauka an manta. Da shinkafarta na auri Hamsatu, da ita na gina wannan gida, da ita na yi muku aure duka. In abin ya taso mini a zuciya sai in ƙara sadaka, in ce ya wuce.

Abin da ya tashe ni shi ne shari'ar Maimunatu, shekara uku da suka wuce. Kun tuna yadda mijinta Yusufu ya sake ta a Anka, ya kulle ɗakinta, ya ce gadon ƙarfe da kwanoni duk shi ya saya. Ta dawo mana da yara biyu da ƙullin tufafi. Na fusata, na kira shi da sunayen da bai kamata dattijo ya faɗa ba, na raka ta kotu da kaina. Mu ma ba mu da cikakkun shaidu, domin matan da suka yi mata jere wasu sun rasu, wasu sun ƙi fitowa. Aka ce Yusufu ya rantse. Ina zaune ina kallo ya yi alwala, ya zo gaban Littafin, ya miƙa hannu. Sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya janye hannunsa ya ce wa alƙali, "Allah shi gafarta Malam, ban iyawa. Kayan nata na, a ba ta abinta."

Mutane suka yi ta yi mini barka. Ni kuwa da ƙyar na kai bakin mota. Yaron da nake kira mara mutunci ya ji tsoron da ni ban ji ba. 

Na je wurin Liman na faɗa masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji. Bai ɓoye mini ba. Ya ce irin wannan rantsuwa azumi ba ya kankare ta, ciyarwa ba ta kankare ta, sai tuba da mayar wa mai hakki hakkinsa. Na ce zan yi. Na shiga mota har Bukkuyum, na tambayi gidan da Rakiya take, na hango ta a ƙofa tana auna wa wata yarinya gero. Ta tsufa, ta rame. Na tsaya gindin wata bedi har rana ta karkata, na komo gida ban yi mata sallama ba. Bayan nan bushiya ta faɗa wa shanu, na ce sai ta lafa. Fari ya biyo baya, na ce sai an yi kaka mai kyau. Ga kaka mai kyau ta zo, ƙafar da zan taka babu.

Na huɗu. Ga abin da za a yi, kuma a fara tun ina numfashi.

Fadamar bakin gulbi da kuɗin shanun Rakiya aka saye ta, ban cika ko sule ba. Da can rabi ta nema. Yanzu ba ni da bakin cewa rabi. A je gaban hakimi da Liman da shaidu biyu a mayar da ita da sunan Rakiya, a rubuta, a ba ta takardar a hannu. In ta so ta noma, in ta so ta sayar, in ta so ta ba ku aro. Shinkafar bana da ke rumbun gabas daga fadamar ta fito, kada a taɓa ta sai an ji ta bakinta.

Shanu tara suka rage mana bayan bushiya. Na kira Manu na tambaye shi, domin mahaifinsa ya koya masa asalin kowace saniya kafin ya rasu. Ya ce biyar daga cikinsu jikokin farar karsanar nan ne. Waɗannan biyar na Rakiya ne. Maganar Manu a kansu ita ce magana, kada a yi masa gardama.

Ku gane, wannan ba kyauta ba ce, ba kuma wasiyyar sulusi ba ce da za a ce ta wuce iyaka. Kayan mutane ne a hannuna, su ake fara fitarwa kafin a ce gado. Abin da ya rage, wato gidan nan, da gonar tudu, da ƙaramar fadamar da na gada wurin mahaifina, da shanu huɗu, a raba muku yadda Allah Ya ce. Na san kaɗan ne a kan abin da kuka sa rai. Amma shi ne nawa.

Shinkafar da muka ci shekara ashirin da tara kuwa, ba ta lissaftuwa, kuma ko an sayar da ni ba ta biyuwa. Wannan sai dai roƙo.

Na biyar. Lado, da kai nake. Na san abin da zai fara zo maka a rai: cewa dabara ce na yi don in kai wa Dikko fadamar ta bayan gida, tunda shi zai gaji uwarsa. Ba haka ba ne. Rakiya ta yi wani aure, tana da 'ya'ya huɗu a Bukkuyum, Dikko ɗaya ne cikin biyar. Kai ka fi kowa zuba gumi a fadamar nan, na sani, kai ka yi mata shinge shekarar da gulbi ya cika. Ladanka yana wurin Allah, haushinka kuma a kaina ya kamata ya sauka, ba a kan ɗan'uwanka ba.

Sai maganar matarka Dija. Wata biyu ke nan ka yi mata saki ɗaya kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, ka tura ta gidansu da ciki wata huɗu, ka sa kwaɗo a ɗakinta. Ka ce ba za ta ɗauki keken ɗinkinta ba sai mahaifinta ya mayar maka da lefe. Ga sammaci ya zo, an sa ranar Litinin ta sama. Ɗana, kai ka saki, ba ita ta nemi fita ba, ba ka bin su lefe. Keken nan a gabana aka sauke shi daga mota, da kuɗin adashinta ta saya, kai kuɗin dako kawai ka biya. Na faɗa a gaban Liman, ya rubuta, in an nemi shaidata ga ta. Ka cire kwaɗon. Cinta da suturarta da maganinta suna wuyanka har ta haihu, domin iddarta ba ta ƙarewa sai ta sauka. In zuciyarka ta huce, ƙofa a buɗe take, ka mayar da matarka tun kafin lokacin ya wuce. In ba ta huce ba, ku rabu da mutunci, ka kai mata kayanta har gida da kanka, ka bar mata abin da ta haifa ta rena, kana aika abinci. Kada ka bari a kai ku ga rantsuwa. In kuwa an kai, ka bar mata ko da naka ne. Keke dai ƙarfe ne, ana sayen wani.

Na shida. Maimunatu, ɗakin da kike ciki a sa shi cikin rabonki, don kada wata rana a ce miki zaman alfarma kike yi a gidan ubanki. Rabonki na gona a auna shi, a kafa masa duwatsu, ki san iyakarsa da idonki. In wani cikin 'yan'uwanki zai noma miki, a faɗi sharaɗi gaban shaidu. Ba rashin yarda ba ne, yarda ake tsarewa da haka. In kin sake aure, duk abin da aka kai ɗakinki a rubuta shi a takarda biyu, ɗaya wurinki, ɗaya wurin Liman.

Yusufu yana aiko da hatsin yara, wani wata ya cika, wani wata ya gaza. In ya gaza a tuna masa da lalama kafin a kai ga kotu. In ya zo ganin 'ya'yansa a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa, a fito masa da su. Kada ki zage shi a kunnensu, kome ya yi miki. Aurenku ne ya mutu, su ubansu yana nan. Kuma a gaya masa na janye sunayen da na kira shi.

Hamsatu, ke kika reni Dikko tun yana shekara uku, ba ki taɓa bambanta shi da naki ba. Ba ki san kome cikin abin da na faɗa ba, abin da na gaya miki shi kika ɗauka. Ki yafe mini. Kada ki ji kamar za a ƙwace miki ɗa. Wanda ya samu uwa biyu bai rasa ta farkon da ya sani ba.

Na bakwai. Dikko.

Sau uku na kira ka ɗakin nan don in faɗa maka da bakina, sau uku ina ƙarewa da tambayarka farashin taki. Yanzu ka ji a gaban kowa, kuma hakan ya fi, don a gaban kowa na ɓata wa mahaifiyarka suna.

Makon jiya na aiki Manu Bukkuyum ya gaya mata abin da na yi niyya game da shanu da fadama. Ya ce ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko kana da tsawo, ko ka yi aure, 'ya'yanka nawa. Ya faɗa mata. Ta ce, "Ka ce mai, ba shanu nika bin shi ba. Ɗa nika bin shi."

Wannan bashin ba ni da abin biyansa sai kai, kai kuma ba dabba ba ne da zan sa a kora. Roƙonka nake. Ka tafi da matarka da 'ya'yanka uku. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka kira ta Inna. Ka faɗa mata ka san ta zo har sau biyu. Rigar tana ƙarƙashin likkafanina a cikin akwati, ka tafi da ita ta ga ba a yar ba. In ta tambaye ni, ka ce na amsa laifina a gaban 'ya'yana da limamina, ina neman gafararta. In ta yafe, alhamdu lillahi. In ta ce ba ta iyawa, kada ka matsa mata, kada kowa cikinku ya ga baƙinta. Hakkinta ne, ta riƙe shi har inda ta so. Kai ma, in ka ji ba ka iya kallona bayan yau, ba zan ce ka yi laifi ba.

Kai ne babba. Bayana kai za ka riƙe gidan nan, da Lado a damanka. 'Ya'yan Rakiya na Bukkuyum 'yan'uwanka ne, saboda haka 'yan'uwan gidan nan ne. In suna da suna ko rasuwa a je, in kuna da shi a aika musu. Kada ku kai juna gaban alƙali a kan abin da na bari. In kun saɓa, ku zauna a zauren nan da Liman, kada a tashi sai an daidaita. Matan da kuka auro 'ya'yan mutane ne, da amana aka ba ku su. In zama ya yi daɗi ku gode wa Allah, in ya ƙi ku sallame su da abinsu cikakke, har da ƙari.

Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah Ya sa kaɗan ɗin da na bar muku na halal ya ishe ku, Ya haɗa kanku, Ya tsare harsunanku daga abin da nawa ya faɗa. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Ku nema mini gafara.

Dikko, motar Bukkuyum tana tashi daga tasha da hantsi. Kada ka ce sai an yi sadakar bakwai, ko sai ka gama sussuka. Ita ma ta tsufa. Ka tafi ranar Asabar. In ka dawo ka same ni, ka faɗa mini abin da ta ce, ko mene ne. In ba ka same ni ba, ka riga ka je.

Ni Hayatu ɗan Mainasara na faɗa, an karanta mini, na yarda, na dangwala yatsana. Malam Abubakar ya rubuta ya shaida, Manu ya shaida. Allah Shi ne mafificin shaida.